Guɗar da Fauƙiyya Ta Ajiye wa 'Yarta

A lungunmu da ke bayan kasuwar hatsi a Damanhur ta ƙasar Masar, shekara talatin ba a fitar da amarya ba sai Fauƙiyya ta rangaɗa guɗa. Ba wanda ya kafa dokar, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Mata za su cika ƙofar gida da barandodin benaye, kowace da hannu a saman leɓe, su yi tsit suna jira. Ko dangin ango da suka zo daga wani gari, a bakin lungu ake tare su a ja musu kunne, a ce a nan ba a riga Ummu Abir. Ita kuwa ba ta san gaggawa ba. Sai ta gyara mayafi, ta ja numfashi har baƙi su fara kallon juna, sannan ta saki. Doguwar guɗa ce siririya mai hawa, ba ta karyewa a hanya, kuma in iska ta dace har tashar jirgin ƙasa ana ji. Sai ta sauke sannan sauran mata ke bi.

Ummu Abir muke ce mata saboda 'yarta ɗaya tilo, Abir. Asalinta 'yar ƙauye ce, ubanta manomin auduga. Tun tana ƙarama ita ake sa ta kira shi cin abinci daga tsallaken ruwa, don ba sai an aiki kowa ba. Tana da shekara goma sha tara ta auri Abdul'aɗi mai gyaran risho, ya kawo ta ɗaki biyu a bene na uku. Mutum ne shiru-shiru, wanda in ya yi magana goma a yini sai a tambaye shi ko lafiya. Mutanen lungu suka ce murya ɗaya Allah ya ba gidan, matar ta kwashe duka.

Shekara tara ba ta haihu ba. A shekarun nan ta yi wa 'ya'yan mutane guɗar suna da ta kaciya da ta aure, ta dawo ta rufe ƙofa ta yi kukanta ita kaɗai. Sannan Abir ta zo, daga ita kuma ko ɓari ba ta sake yi ba. Yarinyar na da shekara goma sha ɗaya ciwon hanta ya kwantar da Abdul'aɗi, wata huɗu ya cika. Fauƙiyya ta gama takaba ta sauko da tire da kujera 'yar tsugune bakin lungu. Tana yanka lalo da lanƙwasasshiyar wuƙa mai mariƙi biyu, tana ɓare tafarnuwa, tana ƙwaƙule gauta da tattasai, tana ware ganyen kabeji, matan da ke aikin ofis su biyo da rana su saya su tafi gida su ɗora kawai. Da wannan tiren ta kai Abir har ta zama malamar firamare.

Guɗa ba sana'a ba ce a wurinta, ba ta taɓa karɓar komai a kai ba sai kofin lemo. Amma ta sha faɗa wa Inshirah, maƙwabciyarta ta bene na biyu wadda suka tsufa tare suna faɗa suna shiryawa: "Duk waɗanda kuka ji rabi-rabi ne. Cikakkiyar na ajiye wa Abir."

Inshirah takan ce, "To ki faɗa mana ranar da wuri, mu cire gilashin tagogi."

Tana da shekara hamsin da biyu abin ya faro, kuma a hankali ya shigo. A tsakiyar zafi, lokacin da kowa ke neman inuwa, ita tana zaune da rigar sanyi. Sai a same ta tana gyangyaɗi a kan tire da wuƙa a hannu. Fuska ta kumbura, fata ta bushe, wutsiyar girarta ta zube, gashi na bin mataji. Takan hau bene ta manta abin da ya hawar da ita. Duk wannan ta haɗiye. Abin da ba ta iya haɗiyewa ba shi ne murya, wadda ta yi kauri ta dushe har masu saye suka fara ce mata Allah ya sawwaƙe mura. Inshirah ta ce baki ne ya kama ta, ta cika mata ɗaki da hayaƙin turare har su biyun suka fito suna tari.

A asibitin gwamnati ta bi layi tun safe har azahar, ta samu likita wanda bai ko ɗago kai daga rubutu ba.

"Shekarunki nawa, Hajiya?"

"Hamsin da biyu."

"To me kike so kuma? Girma ne. Ki rage gurasa, ki rage maiƙo."

"Dakta, rabin gurasa nake ci a yini."

"Kowa haka yake cewa. A turo na gaba."

Abir ce ta matsa aka yi mata awon jini, sai ga abin ya fito. Wata 'yar tsoka ce a ƙasan maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Tata ba ta kumbura ba, ragwanci ta yi, ta daina zuba wa jini abin da ke kunna jiki. Aka rubuta mata wata 'yar farar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, aka ce ɗaya kullum da safe kafin ta karya, har ƙarshen ranta, ta dawo bayan wata biyu. Ranar har murna ta yi, don ciwon da aka san sunansa ya fi wanda ake cewa baki ne.

Wata biyun nan shi ya zama shekara biyu. Duk zuwa likita daban take tararwa, kowa da nasa. Wannan ya ƙara ƙarfin ƙwayar, na gaba ya rage ya ce wa ya ƙara. Wani ya hana ta kabeji da kifi, wani ya yi dariya ya ce ta ci abinta. Mai kemis ya ba ta ta wani kamfanin ya ce duk ɗaya ne, likita ya gani ya yi mata faɗa kamar ita ta buga kwalin. Ta tara takardun awon jini a jakar leda har ta yi kauri. Kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta buɗe baki ya ji muryar da ta kawo ƙara. Takarda suke karɓa su duba, ita tana zaune kamar wadda aka aiko.

Wani mai furfura, wanda aka ce shi ne babbansu, ya duba ya ce, "Ma sha Allah. Takardarki ta yi kyau, Hajiya."

"Ni ban yi kyau ba, Dakta."

"Lambar tana cikin iyaka."

"To lambar ce za ta hau mini bene? Ita za ta yi guɗa?"

Ya cire tabarau ya dube ta. "Guɗa? Hajiya, a waje akwai masu ciwon daji suna jira. Ki gode wa Allah."

Ta gode wa Allah, don ba ta taɓa dainawa ba. Amma a hanyar dawowa, cikin tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kuka na baƙin ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga shi an ce mata takarda ta ce rufin lafiya lau.

A shekara biyun amare biyu suka fita daga lungun. Duka biyun ta tsaya a wurinta, ta gyara mayafi, ta saki abin da ya samu. Ta farko gajera ce. Ta biyu ta karye a tsakiya, mata suka yi maza suka rufe da tasu tun kafin baƙi su gane. Ba wadda ta ce mata komai, kuma wannan shirun ya fi mata zafi.

Sai ga Midhat, ɗan mai gidan burodin bayan masallaci, wanda ke aikin wutar lantarki a Kuwait, ya nemi Abir, ita ma tana so. Aka sa rana cikin hutunsa, domin kwana uku bayan biki zai tafi da matarsa. Ranar ba ta matsuwa ko da yini ɗaya. Da ya rage sati biyar, Abir ta ja uwarta zuwa wurin wata matashiyar likita mai ɗakin duba marasa lafiya a saman kantin takalma, Dakta Mirfat. Ita ce ta farko da ta ture jakar ledar gefe.

"Mama, faɗa mini safiyarki. Kin tashi, sai me?"

"Sai salla. Sai in ɗora shayi. Sai in sha ƙwayata."

"Da me kike haɗiye ta?"

"Da shayina mana."

"Da madara?"

"To shayin safe akwai wanda ba madara? Ta ɓaunar kiwo, mai kauri. Da ƙwayar ƙashi ta ciwon gwiwa nake haɗawa, don kada in manta."

Likitar ta ajiye biro. "Ba a ce miki ciki ba komai ba?"

"An ce kafin in karya. Kuma wallahi ban taɓa sa loma a baki ba sai na sha. Shayi abinci ne, 'yata?"

Ka tare mutum ɗari a titin garinmu, ba wanda zai ce maka shayi abinci ne. Shayi buɗe ido ne. Likitocin nan duka su ma da shayi suke tashi, iyayensu mata ma haka, amma ba wanda ya ga ya kamata ya ɓata rabin minti ya tambaya. Dakta Mirfat ta yi mata bayani a hankali, cewa madara da ƙwayar ƙashi suna kama maganin tun a ciki, abin da ke isa jini kaɗan ne, wata ran ya shiga wata ran bai shiga ba, shi ya sa takardun ke hawa da sauka. Daga yau da ruwa zalla za ta sha, ta jira awa guda kafin shayi, ƙwayar ƙashi kuma sai da rana.

Fauƙiyya ta lissafa safiyoyin da suka tafi a banza. Sannan ta ce, "To muryar, yaushe?"

"Sai mun sake awo bayan sati shida ko takwas."

"Ban tambaye ki awo ba."

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama. Ƙarfi zai fara dawowa. Murya takan zo a ƙarshe. Wata uku, wata shida, ya danganta."

"Sati biyar gare ni."

"Na sani. Amma wannan magani ba a kora shi da bulala. Ki yi haƙuri."

Haƙuri dai, kalmar da kowa ke ba ta kyauta shekara biyu. Ta fito suka kama hanyar gida ita da Abir. Da ma wannan likitar ta zo da rainin wayo irin na sauran da ta fi samun sauƙi, amma gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta zo a makare. A kan kujerarta ta bakin lungu, tana yanka lalo, ta yi nata lissafin irin na mai girki: tukunyar da za ta nuna a awa uku, in baƙi na ƙofa, ƙara mata wuta ake yi. In ƙwaya ɗaya na buƙatar wata uku, uku wata ɗaya za su buƙata. Mai kemis na unguwa ba ya tambayar takarda in ya san fuskarka, kuma duk Damanhur ta yamma ba wanda bai san tata ba.

Washegari ta fara shan uku. Kwana goman farko sai ta ga kamar ta yi wa likitoci wayo. Ta cire rigar sanyi. Ta wanke bango, ta sauko da kayan ɗakin Abir daga saman kabad, ta hau bene ba hutawa. Inshirah ta leƙo ta ce, "Ke, wa za a aurar, ke ko 'yarki?" Da rana in gida ba kowa takan shiga banɗaki ta kunna famfo ta gwada muryar. Ba ta dawo ba, amma ta ji kamar ta ɗan washe, sai ta mai da ƙwayar huɗu.

A sati na uku hannu ya fara rawa, har ta yanke yatsa, ita da ba ta taɓa yankewa ba a shekara goma sha biyar. Gumi ya dinga zubo mata, abinci ba ya zama, zuciya na buga mata a wuya. Ta ce wa kanta hidimar biki ce. Saura kwana shida, da hantsi, tana miƙa wa wata mata ledar tafarnuwa, ta ga titi ya juya, ta kife a kan tiren.

Kwana uku ta yi a asibiti. Zuciyar ce ta rikice, tana tsalle ba tsari, sai da aka yi da gaske ta lafa. Abir ta je gida ɗauko mata kaya, ta tarar da kwalayen maganin da ba komai a ciki a ƙarƙashin katifa. Ta kawo su ta zube a kan gadon asibiti.

"Mama, mene ne wannan?"

"Magani."

"Na wata huɗu kika shanye a sati huɗu. Guɗa na ce miki ina so, ko uwa?"

"Ke ba ki ce ba. Ni na ce."

"To na yafe. Wallahi na yafe. Inna Inshirah ta yi, ko a kunna ta waya, ko a bari."

Fauƙiyya ta juya fuska bango. Dakta Mirfat ta zo duba ta, ba ta yi faɗa ba, ta dai ce sauri ya haifi nawa, yanzu sai an dakatar da ƙwayar kwanaki sannan a faro daga ƙasa. Ta ce ranar biki ta zauna a kujera, ba ɗaga murya, ba yunƙuri.

Ranar biki da safe Inshirah ta hau sama, ta same ta ana ɗaura mata sabon mayafi. Ta kore yaran ɗakin ta rufe ƙofa.

"Fauƙiyya, ki bar ni in fara yau. Sau ɗaya dai. Sai ki bi a hankali, ba wanda zai gane."

"Ki fara? A ƙofata, a kan 'yata, ina tsaye da raina?"

"Ba ki da lafiya, 'yar'uwa."

"Na yi wa 'ya'yanki huɗu. Wa ya riga ni? Ki rantse ba za ki buɗe baki ba sai kin ji ni."

Inshirah ta rantse tana hawaye, ta sauka ta faɗa wa mata, aka tare dangin ango a bakin lungu aka ja musu kunne kamar kullum.

Bayan la'asar motar ango ta tsaya a ƙofa, an lulluɓe ta da furanni. Lungu ya cika har rufin gidaje, domin duk wadda Fauƙiyya ta taɓa fitarwa ta zo da 'ya'yanta, an daɗe ana jin labarin cikakkiyar guɗar nan. Masu ganga suka tsagaita. Abir ta bayyana a bakin matakala cikin fararen kaya, kawunta na riƙe da hannunta. Fauƙiyya ta miƙe daga kujerar da aka sa mata, ta gyara mayafi, ta ɗora hannu a saman leɓe, ta ja numfashi.

Iska ce kawai ta fito. Harshe ya yi aikinsa, maƙogwaro bai amsa ba. Mata suka ɗauka jan numfashinta ne na kullum, suka ci gaba da jira. Ta sake ja, ƙirjinta ya soke, ta dafa bango. Na kusa da ita suka gane, suka dubi Inshirah, Inshirah ta dubi ƙasa. Kowace da guɗa a bakinta, kuma ba wadda za ta iya zama macen da ta taka Ummu Abir a ƙofar gidanta. Girmamawa ce, ban ce ba ita ba ce, amma ranar da ma an samu marar kunya ɗaya a lungun.

Abir ta taka a hankali, a hankali, tana ba uwarta lokaci. Daga matakala zuwa mota taku goma sha biyu ne, ta mai da su kamar talatin. A bakin mota ta tsaya ta waiwayo. Fauƙiyya ta yi yunƙuri na uku har idonta ya kawo ruwa. Direba, wanda baƙo ne kuma an toshe masa hanya ta baya, ya danna ham, aka sa amarya a ciki. Har motar ta sha kwana ana jin ƙarar tayoyinta a kan duwatsun titi. Sai can a babban titi dangin ango suka saki tasu, muka jiyo ta daga nesa kamar bikin wata unguwa.

A shekara talatin, amarya ɗaya ce ta fita daga lungunmu shiru, kuma 'yar Fauƙiyya ce.

Bayan kwana uku Abir ta tafi Kuwait. Fauƙiyya ta koma kan ƙwaya ɗaya, da ruwa zalla, tana zama awa guda tana kallon butar shayi kafin ta kunna wuta. Ba ta sake yi wa likita gardama ba, ba ta kuma sake tambayar kowa yaushe ba. Kumburin fuska ya saɓe, gira ta fara tsirowa, ta koma bakin lungu da tirenta. In an kawo mata katin biki sai ta sa albarka ta ce gwiwa ta hana. Abir na kira duk Juma'a, su yi maganar abinci da zafin can, ba mai taɓo ranar.

Da sanyi ya shigo, wata biyar bayan bikin, wata safiya tana shanya a baranda ta ga mai madara zai wuce, ta ƙwala masa kira. Muryar ta fita tas, har mutumin ya tsorata ya waiwayo. Ta tsaya da rigar a hannu. Ta ajiye ta a hankali, ta gyara mayafi, ta ɗora hannu a saman leɓe.

Mu da muka ji ta ranar mun san ba ƙarya ta yi ba da ta ce duk na baya rabi ne. Ta hau, ta hau, ta ƙi saukowa. Tagogi suka dinga buɗewa, mata na leƙowa da kumfa a hannu, ana tambayar wa ya haihu, wa ya ci jarrabawa. Inshirah ta ɗago kai daga barandar ƙasa.

"Ummu Abir, ta wace ce?"

"Ta Abir ce."

Ba wadda ta bi. Mata suka tsaya kaɗan, sannan suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma ta sunkuya ta ɗauki rigar ta shanya, ta shiga ta kunna wa shayi wuta, domin awar ta cika.